A Sa Wa Kanti Sunan Da Kaka Za Ta Iya Faɗa

A hutun da ya wuce na tarar da gardama a gidanmu. Yayana ya gama koyon ɗinki, Baba ya saya masa keke biyu ya kama masa shago a bakin kasuwa, saura suna. Yaya ya zo da takarda ya karanta mana wani dogon suna na Turanci mai kalmomi biyar, har da "International" a ciki. Kaka ta ce ya sake faɗa. Ya faɗa sau uku, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Daga ƙarshe ta ce, "To, ni idan an tambaye ni sai in ce shagon jikana."

Aka yi dariya, amma ni a ganina Kaka ta fi mu gaskiya. 'Yan'uwana ɗalibai, ku duba yadda muke aike a garuruwanmu. Ba wanda yake karanta allo kafin ya aiki yaro. Cewa ake yi, je wurin wane mai shayi, ko shagon da ke gindin ɗorawa. Babbar kasuwar yadi ta Kano ma sunanta Kantin Kwari, kowa kuwa ya san ta. Idan mai kanti ya zaɓi sunan da bakin mutane ba ya iya ɗauka, su za su raɗa masa nasu, kuma ba lalle ya ji daɗin wanda za su raɗa ba.

Yaya ya ce sunan Turanci shi ne wayewa, shi zai jawo ma'aikatan gwamnati. Sai na ba shi labarin da muka ji a aji. Kamfanin Sony na ƙasar Japan, da aka kafa shi a 1946 sunansa Tokyo Tsushin Kogyo. Da suka fara kai rediyo ƙasashen waje suka ga baƙi ba sa iya faɗar wannan suna, sai a 1958 suka mai da shi Sony, harufa huɗu kacal. Su da suke sayarwa a duniya duka sun gajarta nasu, mu da keke biyu muna neman tsawaitawa!

Wasu kuma za su ce a sa Alheri, ko Nasara, ko Sauƙi. Sunaye ne masu daɗi, ban musa ba. Sai dai a titinmu kaɗai akwai Alheri uku, har an taɓa aiken ƙanena ya kai kuɗi inda ba nan ba. Bayan haka, Hausawa sun ce suna linzami ne. Wanda ya rubuta Sauƙi a ƙofarsa kuma ya tsauwala farashi, ya ba 'yan unguwa abin yi masa ba'a.

Ni shawarata ita ce mutum ya sa sunansa, ya haɗa da sana'arsa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da sunansa ya yi cinikin goro da gyaɗa, har yau kuwa ana ambatonsa. John Holt da Leventis su ma sunayen mutane ne. Telan da sunansa da na mahaifinsa suke a bisa ƙofa zai ji kunyar riƙe wa mutane ɗinki har safiyar Salla, domin abin ba shi kaɗai zai shafa ba. Wannan, ina zato, shi ne abin da Yaya yake gudu, ko da yake bai faɗa ba.

Iyayenmu kuma su sani akwai doka. A Nijeriya, wanda zai yi kasuwanci da wani suna ba nasa na ainihi ba, sai ya yi rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Ba za ta yarda da sunan da wani ya riga ya ɗauka ba, kuma kalmomi irin su "Federal" da "National" sai da izininta.

Abin da ya raba gardamar dai ba maganata ba ce. Mai rubuta allo ne ya zo ya ce shi harafi-harafi yake lissafa kuɗinsa. Baba ya karɓi takardar Yaya, ya ƙirga harufan a hankali da ɗan yatsa, ya miƙa masa abarsa, ya ce shi zai biya na goma, sauran kuwa mai shago ya biya. Ranar da na komo makaranta na ga an kafa allon, da sunan Yaya a kai da kalmar "Tela" a ƙarƙashi.