Munsharin da muke yi wa dariya

1/ Jama'a zan ja dogon zare, ku yi haƙuri. Ra'ayina shi ne munshari mai ƙarfi ba abin dariya ba ne, kuma mu da ke kwana kusa da mai shi muna da laifi in munka yi shiru.

2/ Duk ɗan Sakkwato ya san Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, ba wuta, kowa ya fito da tabarma tsakar gida. Na zo hutu daga makaranta, ina karatu da fitilar waya wajen ƙarfe biyu na dare, Baba na gefe yana munsharinsa da munka saba tun muna yara.

3/ Sai na ji ɗif. Ƙirjinsa na motsi amma ba iskar da ke shiga. Na ƙirga har 20 kafin ya yi wata irin shaƙuwa kamar wanda anka tsamo daga ruwa, ya ci gaba da barci. Kafin asuba na bar ƙirgawa, don abin ya yi yawa. Wallahi jikina ya yi sanyi.

4/ Da safe na gaya wa Inna. Ta ce shekara nawa tana zungurinsa in ya yi haka. Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Wa zan gaya wa mijina na munshari?" Kunya ke nan. Shi kuma bai san yana yi ba, mai barci ba ya jin kansa.

5/ Abin da ke faruwa: in mutum ya yi barci naman maƙogwaro na saki, sai ya toshe hanyar iska. Iskar da jini ke ɗauka ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na ɗan lokaci, ya koma. Likitoci na ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya, mai sauƙi ne. 15 zuwa 29, matsakaici. 30 zuwa sama, ya tsananta.

6/ Sai na fara haɗa abubuwa. Ciwon kai da bushewar baki da safe. Tashi fitsari sau uku a dare. Gyangyaɗi a majalisa, gyangyaɗi lokacin huɗubar Juma'a, muna cewa gajiya ce. Hawan jinin da yake shan magani amma ya ƙi sauka. Ga teɓa, ga kaurin wuya, ga shekaru sun wuce 50.

7/ Kuma fa Baba direba ne, Sakkwato zuwa Illela, da fasinjoji a bayansa. Nan ne dariyar ta ƙare mini.

8/ Wani ya ce dannau ne, wani ya ce a kai shi wurin wanzami a cire beli. Don Allah kar a sa aska a maƙogwaron dattijo mai hawan jini. Toshewar ba a beli kaɗai take ba.

9/ Tabbatarwa sai da gwajin barci, inda na'ura ke auna numfashi da iskar jini dare guda. Ba ko'ina ake samunsa ba, kuma da tsada. Amma farawa ba ta buƙatar wannan. Waya ta isa. Ka ɗauki bidiyon minti biyar, da izininsa, ka nufi likita. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

10/ Yara ma na yi. Yaron da ke kwana baki buɗe yana munshari kullum, a duba masa maƙogwaro.

11/ Ranar da na nuna wa Baba bidiyon sai da ya kalla sau biyu. Ya ce, "Wanga ni ne?" Na ce ƙwarai, Baba. Ya miƙo mini wayar bai ƙara cewa komai ba. Da la'asar ya aiko ƙanena in zo, ya ce Litinin in raka shi asibiti.