Daga Bayan Tunkiya Zuwa Bakin Mazari

Duk shekara idan hunturu ya kama, kasuwanninmu kan cika da rigunan sanyi da barguna, mafi yawansu 'yan gwanjo, kuma ba kasafai mai saye ke tambayar yadda aka yi zaren da ke jikinsu ba. A can ƙasashen da kayan suka fito kuwa, wato Ingila da Amurka da makamantansu, akwai mutane masu ilimi da abin hannu da ke ɓata ranakun hutunsu wajen koyon kaɗa ulu da hannu. Sukan je wurin makiyayi su sayi gashin tunkiya ɗanye, da ƙazantarsa da warinsa, su biya kuɗi a koya musu yadda za su mayar da shi zare. Suna da ƙungiyoyi na masu kaɗi da masaƙa da marina, suna kuma yin bukukuwan baje koli a kowace shekara. Mai karatu zai iya cewa ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ni kuwa ina ganin sun fahimci wani abu da ya kamata ya dame mu fiye da su: ilimin kaɗi a hannu yake zaune, kuma ranar da hannun ƙarshe ya kwanta dama, ba littafin da zai dawo da shi cikakke.

Bari mu fara da tunkiyar kanta. Tumakinmu na gida, wato 'yan ƙasa da uda da balami, gashi gare su gajere mai kauri, wanda ba ya kaɗuwa. Tunkiyar ulu daban take. Silin gashinta siriri ne, a nannaɗe yake, kuma a jikinsa akwai wasu 'yan ɓawo-ɓawo irin na kifi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Nannaɗewar nan ce ke riƙe iska ta ba da ɗumi, ɓawon kuma shi ke sa sili ya kama ɗan'uwansa. Mafi shahara cikin irin waɗannan tumaki ita ce Marino, wadda asalinta daga Sifen take, yanzu kuma Ostareliya ce kan gaba wajen kiwonta. Kaurin silin Marino yawanci bai kai maikiron 24 ba, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Akan yi wa tunkiya aski sau ɗaya a shekara, gwanin aski kuma yakan cire gashin gaba ɗaya a haɗe, ya shimfiɗa shi kamar buzu.

Darasin farko na ɗan koyo shi ne tsinta. Zai baza gashin, ya zubar da na gefen ciki da na wutsiya inda kashi da laka suka manne, ya tsince ƙaya da haki. Daga nan sai wanki, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asarar farko. Ulu ɗanye cike yake da wani maiƙo da fatar tunkiya ke fitarwa, wanda ake kira lanolin, har ana sa shi a man shafawa. Sai da ruwan zafi da sabulu yake fita, kuma wani gashin kan rasa kusan rabin nauyinsa bayan wanki. Amma wanda ya saba da cuɗa tufafi, ya ce zai cuɗa ulu, ya gama ɓata shi. Zafi da sabulu da cuɗa idan suka haɗu, ɓawon nan kan sarƙe da juna, gashin ya cure ya zama fai-fai guda da ba mai iya warware shi. Haka ma idan aka tsamo shi daga ruwan zafi aka tsunduma a na sanyi. Jiƙa shi ake yi, a bar shi ya kwanta, a tsame a hankali, a sake ruwa mai zafi daidai da na farko, sannan a shanya a inuwa.

Idan ya bushe sai a taje shi da wasu faifan katako biyu masu haƙoran waya, ana jan ɗaya a kan ɗaya har silin ya warware ya kwanta, a naɗe shi kamar tabarma ƙarama. Sai a zo ga mazari. Na ulu sanda ce da ɗan faifai mai nauyi a jikinta, ana murza ta a sake ta tana lilo a iska. Aikin duka bai wuce abu biyu ba: ja da murɗi. Hannu ɗaya na jan silin yana sirantar da shi, mazari na juyawa yana aika murɗi ya hau. In murɗi ya yi kaɗan, zaren ya zare, mazari ya faɗi ƙasa. In ya yi yawa, zaren ya ƙanƙance ya yi tauri kamar igiya. In kuma aka bari murɗin ya tsallake yatsu ya shiga cikin gashin da ba a ja ba, sai ja ya gagara. Saboda haka malaman kaɗi kan raba wa ɗan koyo aikin gida biyu: ya murza mazarin ya tara murɗi, ya maƙale shi tsakanin gwiwoyinsa, sannan ya ja silin a natse ya saki murɗin ya hau. Zarensa na farko zai fito da gudaji, nan kauri can siriri, kuma haka na kowa ya fara. Da koyo akan iya. Bayan an sami sili biyu sai a tufke su, ana juya mazarin ta ɓangaren da ya saba wa juyin farko, don murɗin biyu su daidaita juna zaren ya kwanta. A ƙarshe a jiƙa shi a ruwan ɗumi a shanya, murɗin ya zauna.

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa mai kaɗi ya riga ya gane inda na dosa. Abin da Baturiya ke biyan kuɗi ta koya, kakanninmu mata sun yi wanda ya fi shi wuya. Sukan gurje auduga a kan dutse su fitar da angurya, su shiɓe ta da baka, su naɗa, su dangwali alli su murza mazari, su fitar da siririn zare ko kakkaurar abawa gwargwadon buƙatar masaƙi. Na ce ya fi wuya domin silin auduga gajere ne, da ƙyar yake wuce santimita 3, alhali na ulu kan kai santimita 10 ko fiye. Wannan ne dalilin da ya sa mazarinmu ba ya lilo a iska, sai an dasa gindinsa a kan 'yar fata ko cikin ƙoƙo, don kada nauyinsa ya tsinke zaren. A kan wannan aiki na mata a cikin ɗakunansu aka gina saƙa da rini da fataucin tufafin Kano, wanda Heinrich Barth ya gani a 1851 ya yi mamakin nisan da yake kaiwa.

Kada kuma a ɗauka ulu baƙo ne a yankinmu. A Masina ta ƙasar Mali, inda kogin Kwara ke malala ya yi fadama, Fulani na kiwon tunkiyar ulu tun da daɗewa. Mata ke kaɗi, masaƙan da ake kira maabuuɓe su saƙa bargon nan mai suna kaasa, wanda fatake suka riƙa kaiwa har ƙasar Asante. A Jamhuriyar Nijar ma akwai tunkiyar Kundum a bakin kogi cikin jihar Tilaberi, kuma yawanta yana raguwa. Dalilin a fili yake. Idan ba mai kaɗi, ba mai sayen gashi, idan kuwa ba mai sayen gashi, makiyayi zai koma ga tunkiyar da ta fi nama da tsada ranar layya. Haka rashin mazari ke cinye irin dabba sukutum. Ko a Ingila, ƙasar da ulu ya azurta har shugaban majalisar dattawanta yake zama a kan matashin da aka cusa da ulu, an kai lokacin da kuɗin gashin tunkiya ba ya biyan ladan mai aski, kuma a 2020 wasu makiyaya sun gwammace su ƙone shi ko su mayar da shi taki. A ƙasar nan dai, ƙullin zaren da aka kaɗa da hannu tsada gare shi. Gashin ɗaya ne, aikin hannun da ya shiga tsakani shi ya raba farashin.

Na san abin da za a ce: wa zai yi gasa da inji? Gaskiya ne. Tun da James Hargreaves ya ƙera injin kaɗinsa wajen 1764, Richard Arkwright ya biyo da nasa a 1769, mazari ya daina tufatar da al'umma, kuma ba zai sake ba. Amma mu tambayi kanmu inda injin ya bar mu. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, mata suka jingine mazari. Yau galibin masaƙun nan a rufe suke, mazarin kuma ba a koma an ɗauka ba. Mun saki na hannu, na gujen ma ya tsere. 'Yan masaƙan gargajiya da suka rage, da yawansu zaren kanti suke saye, saƙi da gwado na kaɗin hannu sun zama abin nema da fitila. Indiya, wadda masaƙunta na zamani suka ninka namu nesa ba kusa ba, ba ta yar da kaɗin hannun da Gandhi ya farfaɗo da shi ba. Ta kafa masa hukuma, yadin khadi yana da kantunansa da masu sayensa har gobe.

Abin da nake kira a yi ba mai tsada ba ne. Mazari da alli da ƙunshin auduga ba su kai kuɗin littafin darasi ɗaya ba. Sassan koyar da zane da saƙa a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su nemo tsofaffin da suka iya kaɗi, su ɗauke su a matsayin malamai, su biya su ladan malanta, ɗalibi kuma ya zauna a gabansu har sai ya fitar da zaren da masaƙi zai karɓa. Ɗaukar hotonsu a adana bai wadatar ba, domin hoto ba ya gaya wa yatsa lokacin da murɗi ya isa. Cibiyoyin koyar da sana'a na mata su sa kaɗi a jerin darussansu, a haɗa su da masaƙa da marina don zaren ya sami mai saye. Masu binciken dabbobi a Nijar da Najeriya su dubi tunkiyar Kundum tun tana da sauran garke, tare da mutanen da suka san yadda ake sarrafa gashinta. Ɗalibin da zai zama injiniyan masaƙa ma zai amfana, don injin kaɗi mafi girma a duniya ja da murɗi yake yi, kuma wanda ya taɓa jin su a yatsunsa ya fi saurin gane ciwon injin.

Matan da suka iya wannan aiki yawancinsu sun manyanta, jikokinsu kuma ba su taɓa riƙe mazari ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai irin wannan tsohuwa a gida ko a unguwa, ya saya mata auduga a wannan makon, ya tura mata yarinya ko yaro su zauna kusa da ita. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon karɓar abin da ke hannunsu.