Magana da Harsuna Ba Shaidar Ceto Ba Ce

Koyarwar da ke cewa wanda bai yi magana da harsuna ba bai sami ceto ba, koyarwa ce marar tushe, kuma ɓarnar da take yi a cikin ikilisiya ta kai matsayin da yin shiru a kanta ya zama laifi. Wani mai wa'azin da ya maimaita ta a wani taron farkaswa, har ya kira waɗanda ba su taɓa yin harsuna ba su fito gaba su tuba, bai zo da sabon abu ba. Ya dai faɗi a bainar jama'a abin da aka daɗe ana raɗawa a ƙungiyoyin ɗalibai da tarukan addu'ar dare. Da kalma ɗaya ya fitar da iyaye da kakanni daga cikin masu bi, ya kuma ɗora wa ceto sharaɗin da Yesu Almasihu da manzanninsa ba su ɗora ba.

Masu wannan ra'ayi kullum sukan fara da ranar Fentikos, to a can ya kamata a fara. Sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni ta nuna cewa almajirai sun yi magana da harsunan 'yan Adam, waɗanda ake ji ake kuma ganewa. Baƙin da suka taru a Urushalima daga Fartiya, Midiya, Masar, Roma, Karita da ƙasar Larabawa, kowa ya ji ana yabon Allah da harshen garinsu. Abin al'ajabin ranar shi ne fahimta. Da jama'a suka tambayi Bitrus abin da za su yi, sai ya umarce su da tuba da baftisma, tare da alkawarin Ruhu Mai Tsarki. Mutum wajen 3,000 ne suka ba da gaskiya a ranar, kuma Luka bai rubuta cewa ko ɗaya daga cikinsu ya yi magana da wani harshe ba. Abin da ya rubuta a kansu shi ne naciya ga koyarwar manzanni, zumunci, gutsuttsura gurasa, addu'a da raba dukiya ga mabukata.

A cikin surori 28 na littafin, sau uku kacal aka ambaci magana da harsuna a fili: a Urushalima, a gidan Karniliyus a sura ta 10, da kuma ga mutum wajen goma sha biyu a Afisa a sura ta 19. Kowanne daga cikin ukun yana da dalilinsa a tarihin yaɗuwar bishara, musamman na gidan Karniliyus, inda alamar ta rufe bakin Yahudawan da ba su yarda Allah zai karɓi al'ummai ba. Sauran labaran tuba duk sun zo ba tare da ita ba. Baban nan na Habasha ya fito daga ruwa ya kama hanyarsa yana murna. Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta karɓi baftisma ta buɗe gidanta ga baƙi. Mai tsaron kurkukun Filibi ya tambayi hanyar ceto kai tsaye, amsar da ya samu kuwa ita ce ya gaskata da Ubangiji Yesu. Ɓarawon da aka gicciye tare da Almasihu ya sami alkawarin Firdausi da roƙo guda. Duk wanda ya ce harsuna ne shaidar ceto, sai ya fara da soke ceton waɗannan.

Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa ta gama maganar. Ikilisiyar Korinti ta fi kowace yawan harsuna, ita ce kuma ta fi kowace tsattsaguwa, fasikanci, kai juna ƙara da buguwa a wurin Jibin Ubangiji. Bulus ya kira su jarirai masu halin mutuntaka. A sura ta 12 ya bayyana cewa Ruhu yana rarraba baye-baye yadda ya ga dama, ya jera tambayoyi game da ko duka manzanni ne, ko duka annabawa ne, ko duka ne ke magana da harsuna, kuma amsar kowace tambaya a'a ce. A wannan surar dai ya tabbatar cewa dukan masu bi an yi musu baftisma da Ruhu ɗaya. Ke nan dukansu suna da Ruhu, amma ba dukansu ke da harsuna ba. A sura ta 14 ya ce a taron ikilisiya ya fi son kalmomi biyar da za a gane a kan kalmomi dubu goma da baƙon harshe. Ya kuma kafa doka: mutum biyu, ko uku in sun yi yawa, ɗaya bayan ɗaya, tare da mai fassara, in babu mai fassara, a yi shiru. A yau ana tara ɗaruruwan mutane, a miƙa wa jagora makirfo, a umarci kowa ya ɗaga murya lokaci guda, babu mai fassara ko ɗaya. Masu taka wannan doka kowane mako su ne ke auna ceton wasu da surar da suke takawa.

Akwai masu fakewa da ƙarshen Bisharar Markus, inda aka lissafta sababbin harsuna cikin alamun da za su bi masu bi. Wannan sashe, daga aya ta 9 zuwa ta 20 na sura ta 16, babu shi a cikin manyan tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci biyu na ƙarni na huɗu, wato na Sina'i da na Batikan. Ko an bar wannan gefe, jerin ya haɗa da ɗaukar macizai da shan dafi ba tare da cutuwa ba. Babu mai wa'azin da ke neman waɗannan biyu daga sabon tuba. An tsinci ɗaya daga cikin jerin an mai da shi farilla domin shi ne mai sauƙin kwaikwayo.

Tarihi ma bai goyi bayansu ba. Yahaya Kirisostom a ƙarni na huɗu ya ce wa masu sauraronsa abubuwan da ke cikin waɗannan surori sun daina faruwa a zamaninsa. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa, ya ɗauki harsuna a matsayin alamar da ta dace da farkon ikilisiya. Ana iya saɓa musu a kan ko baiwar ta ƙare, amma shaidarsu ta nuna cewa ƙarnuka sun wuce ikilisiya tana yi wa mutane baftisma, tana binne shahidai, ba tare da tambayar kowa harshe ba. Koyarwar da ta mai da harsuna alama ta dole ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Ta fito ne daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Charles Parham a garin Topeka na jihar Kansas a Amurka, inda wata ɗaliba mai suna Agnes Ozman ta fara magana da harsuna a watan Janairun 1901, aka ce Sinanci take yi. Parham ya yi imani cewa harsunan ƙasashe ne na gaske, kuma masu bishara ba za su ƙara wahalar koyon harshe ba. Alfred Garr ya tafi Indiya da tabbacin cewa an ba shi harshen Bangali, ya isa Kalkata ya tarar babu mai gane abin da yake faɗi. Da aka ga haka sai aka sauya bayani, aka ce harshen sama ne, harshen addu'a ne. An gwada da'awar farko ta faɗi, aka maye gurbinta da wadda ba a iya gwadawa.

Abin da ya fi tsanani shi ne, masu wa'azin yau sun zarce iyayen gidansu. William Seymour, baƙar fatan da ya jagoranci farkaswar titin Azusa a Los Angeles daga 1906, daga baya ya karkata ga cewa ƙauna ce babbar shaidar Ruhu, bayan ya ga masu harsuna suna ƙyamar 'yan'uwansu saboda launin fata. Ikilisiyar Assemblies of God, wadda aka kafa a 1914, tana koyar da cewa harsuna shaidar farko ce ta baftismar Ruhu, amma ta raba wannan da ceto, wanda ta ce ta wurin bangaskiya ake samu. Ko a kan wannan matsayin ma F. F. Bosworth, ɗaya daga cikin manyanta, ya bar ta a 1918. Waɗanda suka haɗa harsuna da sabuwar haihuwa su ne ɓangaren da ya ƙi koyarwar Triniti, irin su United Pentecostal Church. Mai wa'azin da ya tsaya a gaban masu bi a arewacin Nijeriya yana cewa babu ceto sai da harsuna, koyarwar wannan ɓangare yake ɗauke da ita, ko ya sani ko bai sani ba.

Yadda ake samar da alamar ma abin dubawa ne. Ana kewaye yaro ko yarinya, a dafa kai, a ce ya saki harshe, ya daina tunani, ya maimaita gaɓa biyu ko uku da sauri har su harɗe. Wanda ya gaji da matsi yakan furta wani abu domin a sake shi, a tafa masa, ya koma gida ya san a ransa cewa shi ya ƙaga. Wanda ya ƙi yin ƙarya kuma a ce masa akwai zunubin da ya ɓoye, ko aljanin gidansu ne ya riƙe shi. Ta haka ake saka wa mai gaskiya da shakka, a saka wa mai kwaikwayo da tabbaci. Masanin harsuna William Samarin, wanda ya yi shekaru yana nazarin irin wannan furuci, ya wallafa sakamakonsa a 1972, ya nuna cewa gaɓoɓi ne da mai magana ke ɗebowa daga sautukan harshen da ya riga ya sani, ba su da nahawu ko ma'anar kalma. Ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwa ba ce ga sauya murya da fita hayyaci, domin ta san bori tun kafin zuwan mishan. Abin da ake samu a addinai dabam-dabam, wanda kuma ake iya koya cikin dare ɗaya, ba zai zama hatimin ceto ba.

A ƙarƙashin wannan koyarwa akwai tsohon raini. Tun daga shekarun 1970, lokacin da guguwar Fentikos ta shiga jami'o'i da manyan makarantu, aka fara kiran ikilisiyoyin mishan matattu. ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, Anglikan, Baftis da Katolika duk sun sha wannan suna. Yaro zai tafi makaranta da kuɗin da uwarsa ta tara daga sayar da hatsi, ya dawo hutu ya ce mata ba ta da Ruhu, domin da Hausa take addu'a, a Zumuntar Mata take waƙa. Sujada da Hausa ta zama ta marasa wayewa, Turanci da harsuna suka zama na masu iko. Alhali waɗannan ikilisiyoyi su ne suka yi aikin Fentikos na ainihi. Walter Gowans da Thomas Kent, abokan tafiyar Rowland Bingham da suka iso a 1893, sun mutu a kan hanyar kawo bishara cikin ƙasar nan. Karl Kumm da mutanensa sun sauka a Wase a 1904. An fara aikin mishan a Garkida a 1923. Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa sun yi shekaru suna fama da Hausa har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Daga nan manomi a Kagoro, Langtang, Biu ko Tsibiri ya ji maganar Allah da harshen da yake ganewa, kamar yadda baƙin Urushalima suka ji. Masu bisharar shirin Sabon Rai Don Kowa sun taka ƙauyuka da ƙafa da keke, ba su tambayi kowa harshen sama ba.

Waɗannan ikilisiyoyin da ake kira matattu su ne aka fi zubar da jininsu. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yan EYN ne. Leah Sharibu, wadda aka riƙe bayan sakin sauran 'yan matan Dapchi a 2018 saboda ta ƙi musun bangaskiyarta, 'yar ECWA ce. Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda aka kashe a watan Janairun 2020, faston EYN ne. Dukansu 'ya'yan ikilisiyoyin da ba sa auna ceto da harsuna ne. Mai wa'azin da ke zaune a birni cikin kwanciyar hankali ba shi da bakin da zai ce a sake duba ceton irin waɗannan gidaje.

Za a ce ai Bulus ya hana a hana magana da harsuna, ya kuma ce shi ya fi kowa yi. Babu wanda ya nemi a hana. Mai baiwa ya yi amfani da ita bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Za a ce ikilisiyoyin harsuna sun fi cika. Filin ƙwallo ma yana cika, yawan jama'a bai taɓa zama hujjar koyarwa ba. Za a ce mai suka bai ɗanɗana ba ne. Wannan ba amsa ba ce, hanya ce ta guje wa Littafi.

Sabon Alkawari bai bar masu bi cikin duhu game da shaidar ceto ba. Wasiƙar Afisawa ta ce ceto ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya, kuma ana hatimce mutum da Ruhu a lokacin da ya gaskata. Wasiƙar Galatiyawa ta lissafta abin da Ruhu ke haifarwa: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Wasiƙar Yahaya ta fari, wadda aka rubuta domin masu bi su san suna da rai madawwami, ta ba da ma'auni uku, wato gaskata Ɗan Allah, kiyaye umarnansa da ƙaunar 'yan'uwa, ba ta ambaci harsuna ko sau ɗaya ba. Yesu da kansa ya yi gargaɗi a sura ta 7 ta Matiyu cewa a ranar shari'a zai ƙi wasu da suka yi annabci da mu'ujizai da sunansa.

Saboda haka nauyi yana kan fastoci, dattawan ikilisiya, makarantun tauhidi da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai. Wajibi ne su koyar da 1 Korintiyawa 12 zuwa 14 gaba ɗaya, aya bayan aya, da harshen da jama'a ke ji. Wajibi ne su daina miƙa bagade ga baƙon mai wa'azin da ba a san koyarwarsa ba. Wanda kuma ya riga ya faɗa wa masu bi cewa ba su da ceto saboda ba su yi harsuna ba, a kira shi ya janye maganar a gaban jama'ar da ya faɗa wa, domin a fili ya raunana su.