Uwar Umar da makokin da ba shi da kabari

Da yawa daga cikin dattawanmu sun karanta littafin Shaihu Umar a makaranta. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi lokacin yana malamin makaranta a Bauchi, aka buga shi a 1934. Mutane sun fi tunawa da Umar, yaron da aka sace ya zama babban malami. Ni kuwa uwarsa ce ke tsaya mini a rai.

Matar nan ta rasa mijinta na fari, aka kori na biyu, Makau, daga gari saboda sharrin mahassada, sa'an nan aka sace mata ɗa. Umar ya sami wanda ya riƙe shi, ga karatu ya ɗauke masa hankali. Ita ba ta da ko ɗaya. Ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare hamada. Da ta gan shi daga ƙarshe ba ta daɗe ba ta rasu. Wani zai ce rashin haƙuri ne ya kai ta. Ban yarda ba. Wanda ya binne nasa ya san inda zai kai hawayensa. Wanda aka ɗauke wa nasa da rai, wane kabari zai nuna? Ko kakanmu Yakubu, da aka kawo masa rigar Yusufu da jini, ai ƙin ta'aziyya ya yi, Littafi Mai Tsarki kuma bai tsauta masa ba.

Wannan ba labarin zamanin bayi kaɗai ba ne. An kwashe 'yan mata 276 daga Chibok a 2014, aka ɗauke Leah Sharibu daga Dapchi a 2018. Masu garkuwa da mutane kuma sun addabi ƙauyukan Katsina da ke makwabtaka da mu nan Gwarzo.

In an yi mutuwa mun iya. Zumuntar Mata za su kawo hatsi da itace, mawaƙa su kwana, fasto ya yi wa'azi. Amma gidan da aka sace wa mutum, sai mu leƙa sau ɗaya, mu ce "a yi ta addu'a", mu kama gabanmu, kamar muna tsoron abin zai shafe mu. Wasu ma har suna auna bangaskiyar uwar da yawan kukanta.

Ina roƙon dattawan ikkilisiyoyin Gwarzo da Kabo su rubuta sunayen irin waɗannan gidaje, a raba ziyara mako-mako, a riƙa ambaton wanda ya ɓace da sunansa a sujadar Lahadi. In damina ta faɗi ba a ga mai gida ba, matasa su yi gayya su nome gonarsa.