GONA DA GARKA: Kwaɗin itace, masu gadin da ba a biyan su

A wannan sati filinmu zai amsa wasiƙar wani mai garka daga Mirriya, cikin jahar Damagaram. Ya ce ɗansa ya nuna masa hoton wani koren kwaɗo cikin salula, yana zaune bisa ganye, an ce masa Turawa har gida suke yi wa irinsa don ya kama musu ƙwari. Tambayarsa ita ce: shin muna da wanga kwaɗo a ƙasarmu, kuma in akwai shi, ta yaya mutum zai jawo shi cikin garkarsa? Malam, mun gode da wasiƙa, ga abin da ya sawwaƙa.

Kwaɗon da ke cikin hotunan nan galibi ɗayan biyu ne, kuma dukansu baƙi ne gare mu. Na farko ɗan ƙasar Ostiraliya ne, kore shar, mai ƙiba, tsawonsa yakan kai santimeta 10. Ya saba da mutane har ana iske shi cikin makewayi da bututun ruwan sama, kuma a hannun masu kiwonsa yakan haura shekara 15. Na biyu yana kudu maso gabashin Amurka, bai cika wuce santimeta 6 ba, yawanci da farin zane daga baki zuwa haƙarƙari. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Afirka, kuma kada kowa ya yi sha'awar kawo su. Mutanen Ostiraliya sun ga darasi: a shekarar 1935 suka shigo da wani babban kwaɗo daga waje don ya cinye ƙwarin rake, bai yi aikin da aka kawo shi dominsa ba, sai ya bazu cikin ƙasa, dafinsa yana kashe macizai da ƙadangaru da namun daji har yau.

Amma Allah bai bar mu haka nan ba, mu ma muna da namu masu hawan itace. Matsalar ita ce bakin Bahaushe ya haɗa su duka cikin suna ɗaya, kwaɗo, in ban da burduddugi da ya fita daban saboda girmansa. Wanda muka fi sani shi ne mai kaushin baya, wanda ke kwana ƙarƙashin randa, yana da kumburi biyu bayan idanu inda dafinsa yake. Wanga ba ya hawa komi. Burduddugi kuwa cikin ruwa yake, da dogayen ƙafafu na iyo. Mai hawan itace, alamarsa ta farko tana ga yatsu: kowane yatsa yana ƙarewa da ɗan faifai mai danƙo, wanda da shi yake manne wa ganye ko bango ko bokiti. Fatarsa sumul take, jikinsa ƙarami, idanunsa manya.

Iri biyu ne suka fi yawa a ƙasashen ciyawa na Afirka ta Yamma, daga Senegal har Kamaru. Na farko masana na kiransa Leptopelis viridis. Kalma ta biyu ma'anarta kore, amma yawancinsu launin ƙasa gare su, da duhun zane a baya, korayen ba su kai su yawa ba. Namiji bai cika wuce santimeta 3 da rabi ba, mace takan kusa 5. In ka haska shi da tocila ka dubi baƙin idonsa, za ka gan shi a tsaye kamar na kyanwa. Da damana namijin yana kuka bisa ƙananan itatuwa, kuka gajere mai ƙarfi kamar an buga tsakuwa biyu. Macen cikin danyar ƙasa take binne ƙwai kusa da ruwa, in sun ƙyanƙyashe ƴaƴan su gangara. Da rani kuwa ƙasa yake shiga ya jira saukar ruwa.

Na biyu shi ne ɗan ƙaramin kwaɗon ciyawa, Hyperolius nitidulus, wanda bai fi gaɓar babban yatsa ba, santimeta 2 zuwa 3. Nasa baƙin idon a kwance yake, cinyoyinsa daga ciki ja-ja, namijin da rawayan maƙogwaro. In sun haɗu bakin tabki da dare, sai ka ce maƙera ne ke ƙwanƙwasa ƙananan ƙarafa. Sha'aninsa abin mamaki ne. Wani malamin jami'ar Würzburg ta Jamus, Karl Eduard Linsenmair, da almajiransa sun daɗe suna bin sa cikin gandun dajin Komowe na ƙasar Kot Dibuwar. Sun iske manyan mutuwa suke yi bayan damana, ƙananan da aka haifa a ƙarshenta su ne ke tsallake rani. Ba rami suke shiga ba, bisa ciyawa suke zama cikin rana, sun naɗe ƙafafu, wata da watanni. In zafi ya tsananta sai fatarsu ta koma fara fat, tana mayar da hasken rana kamar yadda farar riga ke yi. Don haka mai garka in ya ga wani abu fari kamar kashin tsuntsu manne ga kara, ya duba da kyau kafin ya kaɗe shi.

Sai dai a sani, waɗannan halittu sun fi son inda ruwa ya wadata. Wajen Gaya, inda ruwan sama ke kai milimeta 800 a shekara, da gandun daji na W, sun fi sauƙin samu. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda ruwan bai cika wuce 400 zuwa 500 ba, sai a fadama za a neme su: bakin gulbi, gefen tabki irin na Madarunfa, ko kwaruruwan Korama. Wanda garkarsa ke kusa da irin wuraren nan yana da rabo. Wanda yake tudu, nesa da ruwa, ya riƙe kwaɗon randa da daraja, domin shi ma cin ƙwari yake yi dare duka.

To, yaya ake jawo su? Ba a kamo su daga wani wuri, domin ko an kawo su gudu za su yi, kuma ana iya ɗauko cuta tare da su. Wuri ake gyara musu, su zo da ƙafarsu. Abu na farko, kuma mafi girma, shi ne rage feshin guba. Kwaɗo ba da baki yake shan ruwa ba, ta fata yake tsotsa, har numfashi yana yi da ita. Duk abin da aka zuba bisa shu da salati da tumati, musamman irin su piya-piya da ake saidawa kasuwa babu takarda, kai tsaye yake shiga jikinsa. Wanda feshi ya zame masa dole, ya nemi shawarar ma'aikatan gidan gona, ya nisanci bakin ruwa, kuma kada ya wanke pompo cikin tabki ko ramin ban-ruwa.

Na biyu, a bar musu mafaka. Mai garka ya ware kusurwa ɗaya mai inuwa, inda akwai ayaba ko lemu ko gwaiba, ya bar gamba da sauran ciyawa su tsaya, kada ya ƙone ta bayan girbi, tunda can ƙananan ke jiran damana. Ya baza busasshen ganye ƙarƙashin itatuwa don ƙasa ta riƙe laima, ya kifa fasasshen tulu ko kasko da ƴar ƙofa. Dabarar da ake yi a Ostiraliya da Amurka ita ce kafa guntayen bututun roba a tsaye cikin inuwa, gindinsu cikin ƴar laima, kwaɗin su shige da rana. Guntun gora ma zai iya wanga aiki, bai kuwa cin ko dala. Wanda ke da ƴar fitila mai aiki da rana ya rataya ta can, ƙwari su taru, kwaɗi su samu tuwon dare.

Na uku shi ne ruwa, kuma a nan ne muke son a saurare mu da kyau. Ruwan da kwaɗo ke so shi ne sauro ke so. Cikin zafinmu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai, alhali talibambam yana bukatar satuttuka kafin ya fid da ƙafa. Kuma yawancin talibambam gansakuka suke ci, ba su ishe mu maganin ƴaƴan sauro ba. Saboda haka ba mu ba kowa shawarar gina kududdufi cikin gida ba, a ƙasar da masassarar cizon sauro ke ɗauke mana yara kowace damana. Abin da ya dace shi ne kasko marar zurfi a inuwa, da duwatsu ciki, a zubar da ruwan a wanke shi kowane kwana 3, babu sabulu, babu gishiri. Haihuwa kuwa a bar musu ita can fadama. Kuma kasancewar kwaɗi ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin sange ba. Haka nan a tuna, inda kwaɗo yake maciji na leƙowa, don haka kusurwar ta yi nisa da ɗakin kwana da wurin wasan yara. Wanda ya taɓa kwaɗo ya wanke hannu kafin ya kai shi ido ko baki.

Wani zai ce, duk wanga wahala saboda kwaɗo? A shekarar 2023 masana na duniya sun bayyana sakamakon binciken da suka yi bisa kwaɗi da danginsu iri fiye da 8,000, suka iske kusan kashi 41 cikin 100 suna fuskantar ɓacewa. A nan kusa da mu, burduddugi ya zama hajar fatauci, ana busar da shi daga wajen Malanbil, tsallaken Gaya, zuwa kasuwannin Najeriya. Tsofaffin masu garka sun san daren damana da kukan kwaɗi ke hana hira. In garkarka ta yi tsit bayan ruwa mai yawa, ka tambayi kanka abin da ka zuba mata, domin ruwan da ya gagari kwaɗo shi ne ke komawa rijiyar da iyalinka ke sha.

Malam na Mirriya, in damana ta sauka, ka ɗauki tocila bayan isha'i ka zagaya garka, ka dubi yatsu da idanu, sa'an nan ka rubuto mana abin da ka gani. Sauran masu karatu ma ƙofa a buɗe take. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.