Sharhi: Kafin a Kira Mai Inji Ya Hau Bishiya



Da zarar bazara ta tsaya, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai ƙarar injin yankan itace ta cika unguwanni tun da sassafe. Magidanci ya ɗaga kai ya ga reshen darbejiya ya sunkuyo kan kwanon ɗakinsa, ya tuna irin ɓarnar da iskar farkon damina ke yi, sai ya aika a kira mai inji. Tsoron nasa yana kan hanya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yin aikin: saurayi sanye da silifas, a kan tsani, inji a hannu ɗaya, yara sun yi da'ira a ƙasa suna kallo.

Injin nan ya riga ilimin riƙe shi isowa wurinmu. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera mai amfani da lantarki a 1926, ya fito da mai shan fetur a 1929. Daga lokacin zuwa yau an yi ta ƙara masa kayan kariya, saboda an ga abin da yake yi wa jikin mutum. A Birtaniya ba a sakar wa ma'aikaci wannan inji ya hau bishiya sai ya yi horo ya karɓi takardar shaida. Mu a nan, duk wanda ya iya jan igiyar tayar da shi ya zama gwani.

Bari mu fara da ita kanta bishiyar, don ita aka fi zalunta. Wani masanin itatuwa a hukumar gandun daji ta Amurka, Alex Shigo, ya shafe shekaru yana tsaga gungume yana duba cikinsa. Abin da ya nuna wa duniya shi ne bishiya ba ta warkewa irin warkewar mutum. Killace ciwon take yi, ta toshe shi ta ciki don kada ruɓa ta bazu, sannan sabon ɓawo ya rufe bakinsa sannu a hankali. Ku je ku duba gindin kowane reshe, daidai inda ya fito daga uwar bishiya, za ku ga ɗan kumburi ya zagaye shi. A wannan kumburin ƙarfin rufe ciwon yake. Wanda ya aske reshe har ya shafe kumburin ya buɗe wa ruɓa da gara ƙofa zuwa zuciyar bishiya. Wanda kuma ya bar dogon kututture, shi ma ya yi ɓarna, don kututturen zai mutu ya ruɓe ya ja ruɓar ciki. Wurin yanka shi ne dab da kumburin, ta wajensa.

Reshe mai nauyi kuwa ba a sauke shi da yanka ɗaya. Idan aka faro daga sama kawai, kafin zarto ya ƙarasa nauyi zai karya shi, ya saluɓe ɓawo har ƙasa, irin farin tabon nan da kuke gani a jikin itatuwan bakin titi. Yanka uku ake yi. A matsa kamar taƙi biyu daga gindin reshen, a ɗan yanka ta ƙasa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. A ƙara matsawa gaba kaɗan, a yanka ta sama har ya faɗi. Sai a dawo a cire ɗan guntun da ya rage, a natse, ba nauyin da ke jansa. Kuma a daina shafa wa wurin baƙin mai ko fenti da sunan magani. Bishiyar ba ta buƙatarsu.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato a fille wa bishiya kai gaba ɗaya, a bar ta tsaye ba reshe ba ganye. Mai gida yana ganin ya huta ke nan. Darbejiya mai taurin rai ce, za ta tofo, amma sababbin rassan a saman ɓawo suke maƙale, ba su da tushe a cikin itace, ga ruɓa tana cin inda aka yanke. Bayan 'yan shekaru su ne iska za ta fara ɓallowa, a kan kwanon da aka so a kare. Masana aikin suna ba da shawarar kada a raba bishiya da fiye da rubu'in ganyenta a lokaci guda. A cire busassun rassa, da masu gugar juna, da wanda ya nufi gini, a bar mata sauran.

Ba ma kowane aiki ne ke son inji ba. Reshen da bai wuce kaurin hannu ba, zarton hannu ya ishe shi, kuma yankansa ya fi tsabta. Na sama a sa masa zarto mai doguwar ƙota, mutum yana tsaye a ƙasa. Manoman Maradi da Damagaram sun dawo da itatuwa a miliyoyin hekta ta hanyar sassaben zamani, suna zaɓen tofon da ya fi ƙarfi a kututture su rage sauran, kuma mafi yawan aikin da adda da gatari aka yi shi. Kaifin ƙarfe da sanin inda za a sa shi, su suka yi aikin.

Yanzu ga masu inji, 'yan'uwana, da ku nake. Sarƙar da ke hannunku tana gudun da ya kai kimanin mita 20 a daƙiƙa guda. Wuri mafi hatsari shi ne saman hancin ƙarfen da take zagayawa a kai. In ya taɓa wani reshe, ko ƙusa, ko yanka ya matse shi, injin zai yi tutsu ya zaburo sama, ya nufo fuska ko kafaɗa kafin ƙiftawar ido. Don haka aka sa birkin sarƙa, wannan mariƙin da ke gaban hannun hagu. Wasu in ya karye sai su cire shi su yar, su ci gaba da aiki. Wallahi ganganci ne. A gwada birkin kowace safiya. A riƙe inji da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi, a tsaya ɗan gefe da layin yanka. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a yanka daga kan tsani. Aikin da ke can sama na mai igiya ne da ɗamarar hawa, wanda ya koya.

Batun mai kuma, injin irin ƙaramin janareta ne da ake haɗa wa fetur da mai. Manyan kamfanoni kamar Stihl da Husqvarna sun tsayar da awo: mililita 100 na man 2T a lita 5 ta fetur. Da yawa daga cikin masu araha suna neman ninkin haka, saboda haka a duba takardar da ta zo da inji, a bar kintace da ido. A kashe shi ya huce kafin a zuba, a matsa aƙalla mita 3 daga wurin kafin a tayar. Tankin man sarƙa kuma ba wurin juye baƙin man da aka tsiyayo daga mota ba ne. Yana ɗauke da garin ƙarfe, yana kashe famfon mai, yana cutar da fata.

Ku riƙa kallon abin da ke zubowa daga yanka. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, kuma ita ke jan kanta cikin itace. In kun ga gari yana tashi, kuna danna inji da ƙarfi, ta dakushe, a tsaya a sa mata magagari. Dakusasshiyar sarƙa ta fi saurin tutsu, ta fi shan mai.

Kayan jiki ba ado ba ne: hular kwano, tabarau, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon nan mai zare a ciki wanda ke cushe sarƙa ta tsaya. Na san yana da tsada, kuma ga zafi, amma ƙafa na cikin wuraren da injin ya fi samu. A toshe kunne ma, don ƙararsa ta haura awo 100 a ma'aunin ƙara, alhali daga 85 ji ke fara lalacewa. Babbar riga da rawani a ajiye su gefe.

In kayar da bishiyar za a yi ɗungurungum, a kori kowa zuwa nisan da ya ninka tsawonta sau biyu. A yanka baki ta ɓangaren da ake so ta faɗa, a zagayo baya a yanka, amma kada a haɗe yankan biyu. A bar tsiri a tsakani, kimanin ushirin kaurinta, shi ke riƙe da ita ya kai ta inda aka nufa. A share hanyar gudu tun kafin a fara, ta baya a karkace. Idan da wayar lantarki kusa, a je ofishin masu wuta su kashe layin tukuna, ko da an kwana biyu ba a ga wuta ba. Ba wanda ya san lokacin da za a kawo ta.

Masu ja da tarakta, ku ɗaura igiya a ƙugiyar ja ta ƙasa. In aka ɗaura sama da tsakiyar tayoyin baya, tarakta na iya miƙewa ta kife kan direba. Masu a-kori-kura kuma ku tuna ɗanyen itace ruwa ne cike da shi, gungume uku sun isa su kwantar da mota. A ɗaure lodi da sarƙa, yaran mota su sauka daga kansa.

Kai kuma mai gida, alhaji, da haƙƙi a kanka. Bishiyar bakin hanya ba taka ba ce kai kaɗai, ka je wurin malaman daji ka nemi izini. Kada ka yarda mutum ɗaya ya yi aikin ba mai tsaya masa a ƙasa, kuma a tanadi tsumma mai tsabta na danne jini da abin hawa a kusa. Kafin ku yi ciniki, ka ce ya nuna maka da yatsa inda zai yanka kowane reshe, ya gwada maka birkin sarƙa, ka ga igiyarsa da hularsa. In babu su, ka ba shi kuɗin mota ka nemi wani.