BA KOWACE ƘIRINIYA CE KANGARA BA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ya 'yan'uwa, da wuya a sami makarantar Islamiyya ko ta allo a Malam Madori da sauran garuruwan ƙasar Haɗeja da babu irin wannan yaro: ba ya iya zama wuri ɗaya, ana biya masa karatu hankalinsa na waje, yau ya yar da alƙalami, gobe ya manta allo, kuma yakan amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Mun saba kiransa gagararre ko daƙiƙi. Idan dorina ta kasa, sai a ce iska ce ko sammu, a kwashe shi zuwa wurin boka. Lalle ya wajaba mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa daga cikin yaran nan larura ce ke damunsu, kuma mu manya muna zaluntarsu cikin rashin sani.

Likitoci suna taƙaita sunan larurar da ADHD, wato ƙarancin tattara hankali tare da yawan motsi da gaggawa. Tun a 1902 wani likita mai suna George Still ya yi bayaninta a Landan. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100, ke nan ajin ɗalibai 60 yana iya ƙunsar uku. Galibi gadonta ake yi, haihuwar bakwaini da gubar dalma kuma suna ƙara haɗarinta. Ba rashin basira ba ce, ba kuma shaidar rashin tarbiyya ba. Ga 'ya'ya mata takan zo babu hayaniya: yarinya tana zaune shiru, amma karatu na wuce ta.

Sai dai kada kowa ya naɗa kansa likita. Ba a yanke hukunci sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata shida, kuma ana ganinsu a gida da makaranta. A yankinmu na fadama, yunwa, da ƙarancin jini sakamakon zazzaɓin cizon sauro ko tsargiya, da raunin ji ko gani, duk suna hana yaro natsuwa. Saboda haka a fara da babban asibitin Haɗeja. Idan da buƙata a nemi a tura yaron asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko asibitin koyarwa na Aminu Kano. Akwai magani mai taimakawa, amma likita ne kaɗai ke rubuta shi, ba mai kemis ko mai tallar ƙwaya a kasuwa ba.

Muna kira ga malamanmu da su zaunar da irin wannan ɗalibi a sahun gaba, su gutsura masa karatu aya biyu ko uku, su ba shi aikin da zai motsa jiki kamar raba littattafai, su kuma yaba masa nan take idan ya yi daidai. Iyaye su tsayar da lokacin barci da na karatu, su ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, su rage masa riƙon waya.

Mun san wasu za su ce mu ma da bulala muka yi karatu. To, ina abokan karatunmu da suka gudu saboda ita? Yaron da kullum ake duka a kan abin da ya fi ƙarfinsa, ƙarshensa ya tsani makaranta, ya koma tasha, inda ƙwaya ke jiransa. Ba mu manta da abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ba, inda aka iske yara da manya ɗaure da sarƙa da sunan gyaran hali. Jihar Jigawa ta kafa dokar kare haƙƙin yara a 2021, amma kafin doka akwai amanar da Allah Ya ɗora mana.

Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Mu da muke da'awar raya Sunna, wannan ma Sunna ce. Muna roƙon kwamitocin makarantunmu su sanya batun nan cikin bitar malamai ta gaba, kuma kada a sake korar ɗalibi saboda ƙiriniya kafin likita ya duba shi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu haƙurin renonsu. Wassalamu alaikum.